Falta Tana Hannun Dagaci

Unguwar Tsamiya,
Ta Shanono.
Ranar Lahadi.

Zuwa ga yayana, Yaya Mala,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga ƙanwarka Hafiza, da fatan takardar nan za ta iske ka lafiya, kai da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Yaya Maiduguri, yaya ɗinki, yaya kuma ciwon bayan nan da yake hana ka daɗewa a kan keke? Allah ya yaye maka shi, ya sa kaffara ne, ya ƙara rufa asiri. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya saka maka da alheri a kan riƙon da ka yi mana tun bayan rasuwarsa.

Mu nan jiki lafiya, alhamdulillahi. Maigidana Malam Abdulmumini yana gaishe ka. Damina ta yi albarka bana, gero ya yi kyau, dawa ta sunkuya, gyaɗa kuma saura kaɗan a cire. Inna tana Minjibir gidan Gwaggo, ƙafar ta yi sauƙi har tana leƙa maƙwabta, sai dai hawan jinin yana nan, shi ya sa ba mu bari ko kalma ɗaya ta abin da zan faɗa maka ta kai kunnenta ba. Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. To wayata da ta ƙanwarmu Falta suna hannun 'yan sa-kai na garin nan, wai bincike suke yi, ta maigida kuwa da ya ɗaga sai ka ga wani ya kasa kunne ta bayan danga. Kuma maganar ba ta waya ba ce. Wani direba da maigida ya yarda da shi ne zai kawo maka hannu da hannu, in ka karanta ka ƙona ta. Yaya, Falta ce. Yau kwananta tara a tsare a gidan dagaci, ana zarginta da cewa ita ce mai kai wa ɓarayin daji labarin garin nan.

Ka san yadda ta zo mana shekara goma da suka wuce daga garin mijinta, wanda ba zan rubuta sunansa ba, bayan masu tada ƙayar bayan nan da kuke kira yaran sun riƙe garin wata bakwai. Ka san sun kashe mijinta Ikrima a ƙofar shagonsa ranar da suka shigo. Ta iso da 'yarta Aina'u a baya da zane ɗaya a jiki, ba ta ce komai ba, mu ma ba mu tambaya ba, don gudun fama mata ciwo. Maigida ya yanka mata ɗaki a cikin gida, ta kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tana kaiwa kasuwa da kanta. Maza uku sun fito neman aurenta, ta ce ita ta gama. Ba ta faɗa da kowa, ba ta zaman gulma, duk gidan da aka yi haihuwa ko rasuwa ita ce a bakin murhu. Abu ɗaya na sani a halinta, idonta ba ya wuce abu. In baƙo ya shigo gari ta san irin takalmin da ke ƙafarsa. Da har tsokanarta nake yi, ina cewa da namiji ce da tuni an ɗauke ta ɗan sanda. Ashe abin da zai ja mata ke nan.

Wata ranar kasuwa, mako biyu da suka wuce, ta dawo da wuri da rabin kayanta ba ta sayar ba. Ko hijabi ba ta cire ba ta ce in kira mata maigida. Ta ce masa ta ga mutum biyu da ba ta taɓa gani ba, sun kwashe burodin tebur guda ba su nemi ragi ba, sun sayi sukari da ganyen shayi da sigari, sun cika jarka huɗu da fetur. Ta ce ƙafar wandunansu da ɗanyen taɓo, alhali an kwana ashirin ba a yi ruwa ba, ke nan ta rafi suka tsallako, ba ta titi ba. Ta kuma ji ɗayansu yana tambayar mai faci ko hanyar Tudun Kaba tana biyuwa da babur. Ta ce wa maigida waɗannan guzuri suke yi, kuma guzurin mutum da yawa ne, don Allah a gaya wa mutanen Tudun Kaba su kau da shanunsu da matansu. Maigida bai yi wasa ba, a take ya tafi wurin mai unguwa. Mai unguwa ya yi dariya, ya ce in za a riƙa tada gari duk ranar da mace ta ga baƙo a kasuwa, to bana ba mai girbi.

Kwana biyu tsakani, ranar Talata ana idar da sallar asuba, suka faɗa Tudun Kaba, ƙauyen nan na hayin rafi da in an yi kiran salla a can muna ji. Sun harbe mutum ɗaya, sun kore shanu sama da arba'in, sun tafi da mata biyu, ɗaya da goyo. Har yau ba labarinsu. Ni ban ga laifin mutane ba da hankalinsu ya gushe, wanda aka ɗauke wa mata ba a ce masa ya tsaya tunani. Sai aka fara cewa ɓarawo ba ya sanin garken da ya fi cika sai da ɗan gari. Da mutanen Tudun Kaba suka ji an yi gargaɗi ba a isar musu ba, suka yo kan mai unguwa. Shi kuwa don ya sauke wa kansa, sai ya ce tambayar da ya kamata a yi ita ce, yaya aka yi mai ƙuli-ƙuli ta san abin da ko 'yan sa-kai ba su sani ba? Ana cikin haka, ranar Alhamis, sai ga wani Abdussalam mai fataucin busasshen kifi daga wajenku, ɗan garin su marigayi Ikrima. Ya ji ana maganar a rumfar mai shayi, aka nuna masa ita daga nesa, sai ya miƙe tsaye ya ce ya san ta. Ya rantse da Allah cewa wannan matar ita ce mai dafa wa yaran abinci a garinsu, da idonsa ya sha ganinta ɗauke da tire tana shiga wurin manyansu, tana fitowa ba abin da ya same ta.

Washegari Juma'a ana sakkowa daga masallaci, ina tsakar gida ina tankaɗe, muka ji hayaniya ta nufo gidanmu. Samari ne da gorori da adduna, har da mai jarka a hannu. Yaya, a cikinsu akwai waɗanda Falta ta dafa abincin bikinsu. Maigida ya tsaya a bakin zaure ya buɗe hannuwa ya ce sai dai su bi ta kansa, dutse ya fasa masa goshi. Ita kuwa Falta ta ɗauki hijabinta ta sa, ta damƙa mini hannun Aina'u, ta nufi ƙofa da ƙafarta. Na riƙe ta, ta ce in sake ta, kar a ƙona gidan mutumin da ya rufa mata asiri. Allah ya taimaka dagaci ya iso shi da liman, suka saka ta a tsakiya, dagaci ya ɗaga murya ya ce daga yau tana hannunsa, wanda ya taɓa ta shi ya taɓa. Ya kai ta cikin gidansa wurin iyalinsa. Bayan la'asar ya kira maigida ya gaya masa gaskiya, cewa ba zai iya riƙe gari fiye da mako uku ba. In an kawo shaidar da za ta wanke ta a gaban jama'a, falillahil hamdu. In ba a kawo ba, dole ya miƙa ta ga hukuma da sunan mai kai wa ɓarayi labari. Ka san wanda aka tafi da shi da wannan suna ba a sa ranar dawowarsa, in ma an bari motar ta fita daga gari da ita. Kwana tara sun tafi, saura goma sha biyu.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Kwana biyun farko ban je wurinta ba. Na ce jikina ne ba daɗi, amma ƙarya nake. Zuciyata ce ta riƙa raya mini: shekara goma ba ta ce uffan ba, me take ɓoyewa? Me ya sa aka kashe na kashewa, ita ta fito da ranta? Ni da muka sha nono ɗaya na yi wannan tunani, to ina ga bare? Ranar Litinin na kasa haƙuri, na dama fura na tafi. Na same ta a ɗan ɗakin da aka ware mata tana yi wa matar dagaci ɓarar gyaɗa, wai ita ba ta iya zaman banza ba. Ta dube ni sau ɗaya ta ce ta san abin da ya hana ni zuwa, kuma ba ta ga laifina ba. Na fashe da kuka, sai ita ce ta koma tana ba ni haƙuri. Daga nan ta tura ƙofa ta ba ni labarin wata bakwai ɗin nan.

Ta ce Abdussalam bai yi ƙarya ba, ta dafa musu abinci. Bayan sun kashe Ikrima sun tara mata a makarantar firamare, suka ware masu iya girki, tana ciki. Da suka ji 'yar Kano ce sai suka ɗauka ba ta jin Barbarci, ita kuma ta bar su a haka, in sun yi mata magana da shi sai ta yi zuru. Ka tuna yadda Baba ya dage sai mun amsa masa da Barbarci a gida, muna yi muna ƙunƙuni. To haka suka riƙa sakin baki a gabanta tana zuba musu miya. A cikin matan akwai wata tsohuwa, Ya Fanna, da suka ɗauka ta fara ruɗewa, don haka suke barinta ta fita itace ita kaɗai. Ashe garau take. A bakin kogi take haɗuwa da wani soja mai shigar masunta, sunansa Abdulrashid, ta zayyana masa abin da aka tara mata. Ita ta jawo Falta da wasu mata biyu. Aikin Falta tukunya ce. In an aiko mata da shinkafar mutum ɗari ta san baƙi sun shigo daga daji. In an ce ta soya nama da yawa a ƙulla a leda ta san fita za su yi, sai ta kasa kunne ta ji sunan gari. Da safe in tsohuwa ta kawo itace, sai Falta ta hau ta da faɗa wai ɗanye ne, a cikin faɗan take sako maganar. Ta haka aka kwashe mutanen ƙauye biyu kafin a iso musu, suka je suka tarar ba ko kaza. Ta haka kuma sojoji suka san inda aka binne bama-bamai a hanyar gada, ranar da suka zo ƙwatar garin suka zagayo ta gonaki. Ta ce duk tiren da za ta shiga da shi sai ta yi kalmar shahada a bakin ƙofa, don ba ta san ko za ta fito ba.

Na ce mata to ai wannan abin a yi shela ne, me ya sa ta yi shiru har shekara goma? Sai ta ajiye gyaɗar. Ta ce da suka tarar da ƙauye na biyu ba kowa, suka gane akwai mai fitar da magana, suka zazzage kayan mata. A ƙullin wata yarinya mai ɗebo musu ruwa, Yagana, 'yar shekara goma sha shida, suka sami tsohuwar waya da ko batir babu, ta mahaifinta ce take ajiye da ita don tunawa. Da hantsi suka tara mata duka a filin makaranta, suka durƙusar da yarinyar, suka ce in akwai wadda ta san ba ita ba ce ta yi magana. Falta tana layin gaba da Aina'u a baya. Ta ce ta buɗe baki, sai ta ji goyonta ya motsa, ta kuma ga Ya Fanna ta kafe ta da ido. In ta yi magana ba ita kaɗai za ta tafi ba, za su matsa mata sai ta faɗi sauran ukun. Ta rufe bakinta. Suka kashe Yagana a gabansu, sannan aka ce Falta ta je ta ɗora abincin rana, ta je ta ɗora. Yaya, ta faɗa mini wannan ba hawaye ko ɗigo. Ta ce yanzu da aka ɗora mata laifin da ba ta yi ba, ba ta jin an zalunce ta, gani take ranarta ce ta zo. Wallahi wannan magana ta fi addunan samarin nan ba ni tsoro.

Da ƙyar ta yarda ta faɗa wa dagaci. Aka yi zama ranar Laraba, shi da liman da dattawa huɗu, ya sa kowa ya ɗauki alkawarin maganar ba za ta fita zaure ba. Ta faɗi komai ban da zancen Yagana. Jikin wasu ya yi sanyi, amma wani dattijo daga Tudun Kaba, wanda surukarsa tana cikin waɗanda aka ɗauke, ya ce in wuya ta yi wuya kowa ya iya tsara labari, ta faɗi sunan matan biyun da suka yi aikin tare a neme su. Ta ce ba za ta faɗa ba. Ta ce suna can garin har yanzu da 'ya'yansu, gonakinsu a bakin daji, kuma yaran ba su ƙare ba. Liman ya lallashe ta, ni na durƙusa mata har ƙasa, na haɗa ta da Allah da darajar Inna, ta ce an riga an kashe mutum ɗaya saboda ita, ba za a ƙara ba. Suna biyu kaɗai ta yarda a nema. Ya Fanna, don ta ji an ce ta bar garin tuntuni, sai kuma sojan, wanda sau ɗaya ta taɓa ganinsa, ranar da aka ƙwace garin. Dogo ne baƙi, yatsunsa biyu na hannun hagu babu, Hausarsa kamar ta mutanen Bida.

Jiya Asabar maigida ya raka ni Shanono wurin Abdussalam, a gidan da fatake suke sauka. Na tafi da niyyar in tsine masa, sai na tarar da mutum ramamme mai furfura, ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo ruwa. Ya ce shi bai so abin ya kai haka ba, abin da ya gani ya faɗa. Na tambaye shi ko ya san wata Ya Fanna, don ita ta san gaskiyar zaman Falta a wurin. Ya ce wane ne bai san ta ba, ai bara waccan ya gan ta a Maiduguri, tana zaune wurin jikarta a bayan kasuwar kifi ta Tashar Baga, ido ya tafi amma baki garau. Ya ce in Ya Fanna ta wanke Falta da bakinta, ko a waya ya ji muryarta, zai tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce ya yi kuskure. Na buɗe baki zan gaya masa aikin da Falta ta yi, sai ya riga ni. Ya ce in yi masa uzuri, shi ma an yi masa tabo. Yana da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, suka kashe ta a filin makaranta wai ita ce mai kai wa soja magana, yarinyar da ko hanyar kogi ba ta sani ba. Ya ce shekara goma yana roƙon Allah ya nuna masa wadda ta yi aikin, ta tsaya tana kallo aka kashe wata a madadinta. Ya ce sunanta Yagana. Na haɗiye maganata, na ce Allah ya jiƙanta, muka tashi. A mota na gane cewa Falta ta san ko shi wane ne tun ranar farko, shi ya sa ba ta ƙaryata shi ba.

To ka ga inda muke, gaba kura baya sayaki. Shaidar da za ta wanke ta wurin mutanen gari ita ce za ta nuna wa Abdussalam wadda yake nema. In mun yi shiru a tafi da ita, in mun yi magana ban san abin da zai aikata ba. A gida kuwa ba a cewa komai. Geron maigida yana kwance a gona, ya kira gayyar ɗauri mutum uku suka zo, gara ta fara ci ta ƙasa. Mai markaɗe ya dawo mana da gyaɗa ya ce injinsa ya lalace, alhali muna jin ƙararsa. Matan da ko gishiri suka rasa gidanmu suke aikowa, yau in mun haɗu a rijiya sai su kau da kai. Aina'u ta daina zuwa Islamiyya don yara suna kiranta 'yar infoma, ta koma ba ta cin abinci sai na tsaya a kanta. 'Yan'uwan maigida sun same shi sau biyu a kan ya tattara mu ya kai Minjibir ya huta, ya ce musu hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Allah ya biya shi, amma ina ganin yadda yake ramewa, kuma ba na son in gwada haƙurinsa fiye da haka.

Ga abin da nake roƙonka, don Allah, don Annabi. Ranar da takardar nan ta shiga hannunka ka rufe shago ka tafi Tashar Baga ka nemi Ya Fanna. Masu kifi za su nuna maka gidan jikar. Ka yi mata magana da Barbarci, a keɓe, ka ce kai wan Falta ne mai yi mata faɗan ɗanyen itace, za ta gane. In tana da ƙarfin tafiya ka taho da ita, maigida zai tarbe ku a Kano. In ba ta da shi, ka kai limamin unguwarsu ya zama shaida, ta yi magana da dagaci ta waya, ga lambarsa na rubuta a bayan takarda. Ka kuma tambayi dattawan 'yan ƙato da gora da kake yi wa ɗinki, ko akwai wanda ya san soja mai yatsu uku a hannun hagu. Na san neman mutum da wannan kwatance bayan shekara goma kamar neman allura ne a cikin rairayi, amma ka gwada. Batun Abdussalam kuwa ya fi ƙarfina. Ni a ganina gara ya ji daga bakin namiji ɗan'uwansa, a zaune, kafin ya ji a tsakiyar taro. Kai ne babba, kai ka san yadda ake yi wa mai ciwo magana.

Ka gaishe mini da matarka Ummu Salma, ka ce ina roƙonta ta sa mu a addu'a. Ka gaishe da Najib da Ummi, Allah ya yi musu albarka. Ka gaishe da Kawu Abdulkabir, amma kar ka gaya masa komai, don in ya ji, Inna ta ji. Maigida yana gaisuwa, yara suna gaisuwa, Aina'u ta ce a gaishe da Kawu Mala.

Falta ma tana gaishe ka. Da na ce mata zan rubuto, ta ce kar in wahalar da kai, saƙo ɗaya take da shi: in an tafi da ita, Aina'u taka ce, ka kai ta makaranta, kuma in ta girma ka gaya mata komai, har da sunan Yagana. Na rubuta maka ne don amana ce, amma ni ban karɓi wannan saƙo ba, kai ma kar ka karɓa. Ko ka sami tsohuwar ko ba ka same ta ba, ka zo kafin Juma'ar sama. Ka zo ka tsaya a ƙofar gidan dagaci, mutanen garin nan su gani da idonsu cewa matar nan tana da wa.

Wassalam.

Ƙanwarka mai jiranka,
Hafiza.